Ramin da ke kan ƙashi: yadda ake rainon ƙwayoyin cin ƙashi na ɗan Adam a ɗakin gwaji

A ɗakunan masu karaya na asibitocin Katsina da Daura, da kuma zaurukan masu ɗori, akwai wata irin karaya da ba hatsarin mota ko faɗuwar babur ke kawo ta ba. Tsohuwa ce za ta zame a bakin rijiya ko a hanyar banɗaki, faɗuwar da yaro zai tashi ya kakkaɓe riga ya wuce, amma ita sai kan ƙashin cinyarta ya tsinke, ta kwanta watanni, wata ma ba ta ƙara miƙewa. Mutane kan ce tsufa ne, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai tsufan ba shi ke yin aikin da hannunsa ba. Akwai wata ƙwayar halitta da ke zaune a jikin ƙashi tana cin sa, wadda masana ke kira ostiyokilas, kuma rinjayen da take samu a kan masu gina ƙashi ne ke sa ƙashin ya zaizaye. Sanin wannan ƙwaya ya ɗauki masana fiye da shekara ɗari, kuma bai kankama ba sai da aka iya rainon ta a cikin faranti, aka ɗora ta a kan yankin ƙashi, aka zuba mata ido.

Ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi ba su taɓa gama ginuwa, domin kullum ana rushe wani sashe ana sake shi, har ana ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 ake sabuntawa a kowace shekara. Aikin ya yi kama da na magini mai gyaran soro kafin damina, wanda ba ya ɗora sabon yaɓe a kan wanda ya tsattsage, sai ya fara kankare tsohon tukuna. Ƙwayar cin ƙashi ce mai kankarewa, wata ƙwaya dabam kuma, ostiyobilas, ita ce mai cikewa. Amma saurinsu ba ɗaya ba ne, domin ramin da aka haƙa cikin mako biyu zuwa huɗu, cike shi yakan ɗauki wata uku ko fiye. Bayan gyara, ƙashi kuma rumbu ne, tun da kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a cikinsa yake, kuma duk lokacin da na jini ya yi ƙasa, ƙwayar cin ƙashi ake sa wa ta ɗebo, saboda zuciya da jijiyoyi da tsoka ba sa iya jira.

Yadda take cin ƙashin abin lura ne, domin a kansa dukkan gwajin ya dogara. Ƙwaya ce babba, mai iya kaiwa faɗin ɗaya bisa goma na milimita, tana ɗauke da cibiyoyi da yawa saboda asalinta ƙwayoyi ne da dama suka haɗe suka zama ɗaya. Idan za ta fara aiki sai ta lafe a kan ƙashi, ta kewaye wurin da wani zobe na furotin ɗin aktin, ta toshe shi yadda abin da za ta zuba ba zai tsiyaye ba. A cikin zoben fatarta takan yi ninki-ninki, kuma ta nan take tura asid har ma'aunin tsami na pH ya sauka zuwa wajen 4.5, alhali na jini 7.4 ne. Asid ɗin ke narkar da gishirin kalsiyam da fosfet, zaren kolajin da ya saura kuma sai wani inzayim mai suna katefsin K ya daddatse shi. Idan ta tashi sai ta bar rami, kuma wannan ramin shi ne shaidar da babu irinta.

Albert von Kölliker, masanin halittar jiki da ke koyarwa a Wurzburg ta Jamus, shi ya raɗa mata suna a 1873, amma daga ina take fitowa, wannan an daɗe ana gardama a kai. Da yawa sun ɗauka ita da mai gina ƙashi uwa ɗaya ce ta haife su. Wata cuta mai wuyar gani ce ta raba gardamar, ostiyofetirosis, inda ƙashi ke yin tauri ya cunkushe har ya cinye gurbin ɓargo, saboda ƙwayoyin cin ƙashi ba sa aiki. A farkon shekarun 1970 Donald Walker, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ya haɗa hanyar jinin ɓera mai cutar da na lafiyayye, sai mai cutar ya warke. Zuwa 1975 kuma ya nuna cewa ƙwayoyin ɓargo ko na saifa kaɗai sun isa su yi wannan magani. A 1980 likitoci a Minnesota suka ba da labarin wata jaririya mai cutar da aka yi wa dashen ɓargon ɗan'uwanta namiji, ta samu sauƙi, kuma da aka duba ƙashinta sai aka tarar ƙwayoyin cin ƙashinta na ɗauke da kuromosom Y, alamar gado ta namiji, wato nasa ne, yayin da ƙwayoyin gina ƙashin suka ci gaba da zama nata. Daga nan aka tabbatar cewa ƙwayar cin ƙashi 'yar gidan jini ce, danginta su ne fararen ƙwayoyin da ke haɗiye ƙwayoyin cuta.

Sanin asali dabam, samun ta a hannu dabam. A jikin baligi ba ta da yawa, tana manne da ƙashi mai tauri, ba ta hayayyafa bayan ta girma, kuma idan aka ɓanɓaro ta ba ta jimawa take mutuwa. Shi ya sa masu binciken farko suka koma ga ƙasusuwan jariran zomaye da ɓeraye da 'yan tsaki, suna daddatsa su suna tattara abin da ya zubo. A 1984 rukuni biyu a Landan, na Tim Chambers da na Alan Boyde da Sheila Jones, kowanne ya nuna cewa idan aka ɗora irin waɗannan ƙwayoyi a kan siririn yankin ƙashi ko na haƙori, suna haƙa ramukan da ake iya ƙirgawa da aunawa. Na mutum kuwa, babbar hanyar samun su a lokacin ita ce wani ƙari na ƙashi mai cike da manyan ƙwayoyi, wanda sai an jira likitan tiyata ya cire shi daga majinyaci, kuma ba kowane wata ake samun sa ba.

Abin da ya sauya fagen shi ne gano saƙon da ke umartar ƙwayar jini ta rikiɗe. Tun 1981 Gideon Rodan da Jack Martin suka kawo ra'ayin cewa masu gina ƙashi ne ke ba da umarnin rushewa, kuma a 1988 rukunin Tatsuo Suda a Tokiyo ya nuna cewa idan aka haɗa ƙwayoyin saifar ɓera da ƙwayoyin gina ƙashi a faranti ɗaya, ƙwayoyin cin ƙashi na fitowa, amma sai sun taɓa juna. A 1990 aka gano furotin na farko da ba a yi sai da shi, M-CSF, ta hanyar wasu ɓeraye da ba su da shi. A 1996 masu bincike a Oksfod suka nuna cewa iyayen ƙwayoyin cin ƙashi na mutum suna yawo ne a cikin jini, a tsakanin fararen ƙwayoyin da ake kira monosayit. A 1997 aka gano OPG, furotin mai hana cin ƙashi, a shekarar da ta biyo kuma masu bincike a Japan da na kamfanin Amgen a Amurka suka kama abin da OPG ke tarewa, wato RANKL, furotin da shi ne saƙon da ake nema. Kafin 1998 ta ƙare an nuna cewa M-CSF da RANKL, su biyu kawai, sun isa su mayar da monosayit na mutum ƙwayar cin ƙashi. Abin da a da sai an jira tiyata, yanzu jinin da bai cika ƙaramin kofin shayi ba ya wadatar.

Ga yadda aikin ke tafiya a yau. Ana ɗibar jinin mai sa kai a cikin kwalba mai maganin hana daskarewa, ko kuma a karɓi sashen fararen ƙwayoyi da ya saura bayan ma'ajiyar jini ta tace jaka. A sirka shi da ruwan gishiri, a kwarara shi a hankali a kan wani ruwa mai nauyi da ake kira Ficoll, a juya a na'ura. Jajayen ƙwayoyi su nutse ƙasa, fararen da ake nema su taru a tsakiya kamar siririn zare. Daga cikinsu ake tsamo monosayit, ko dai ta barin su su manne wa gindin faranti a wanke sauran, ko kuma da 'yan ƙananan duwatsun maganaɗisu da ke kama alamar CD14 da ke jikinsu. Hanya ta biyu ta fi tsabta, ta farko ta fi araha, kuma bambancin ba ƙarami ba ne, domin wasu fararen ƙwayoyin, limfosayit, da suka saura a hanya ta farko suna fitar da nasu sinadaran da ke iya ƙara ko rage abin da ake aunawa.

Sai a zuba su a gurabun faranti, wasu a kan roba tsura, wasu a kan yankin ƙashin sa ko na hauren giwa, wanda wasu ɗakunan gwaji na Ingila suka riƙa samu daga abin da jami'an kwastan suka ƙwace. Ruwan da suke sha, wanda aka fi amfani da shi shi ne alfa-MEM, ana ƙara masa kashi 10 cikin 100 na ruwan jinin ɗan tayin saniya, sannan M-CSF da RANKL, kowanne a ma'aunin 'yan gomomin nanogiram a mililita. A saka farantin a akwatin ɗumi mai zafin digiri 37 da iskar kabon-dayoksayid kashi 5 cikin 100, a riƙa sauya ruwan bayan kowane kwana uku ko huɗu. A makon farko ba a ganin abin a-zo-a-gani sai ƙananan ƙwayoyi suna miƙewa suna matsowa kusa da juna. A na biyu su fara haɗewa. Tsakanin mako biyu zuwa uku ake samun manya masu aiki. Daga nan a shafa musu rini mai gano wani inzayim da ake kira TRAP, su yi ja-ja mai ratsin shuɗi, kuma al'adar fagen ita ce a ƙirga duk wadda ta kama rinin kuma take da cibiyoyi uku ko fiye.

A nan ne nake ganin aka fi yin sake, kuma a nan ne ya kamata mai karanta sakamako ya fi tsanantawa. Ƙwaya ta yi girma, ta tara cibiyoyi, ta kama rini, duk wannan bai sa ta zama mai cin ƙashi ba, domin kama da wane ba ta wane. Monosayit na da wasu hanyoyin haɗewa da ba su da alaƙa da ƙashi: suna haɗewa su kewaye baƙon abu da ya shiga jiki, irin su zaren ɗinki ko ƙaya, suna kuma haɗewa a cikin gyambon tarin fuka. Roba ita kanta baƙon abu ce a wurinsu. Wani bincike da aka yi a Amsterdam, aka buga a 2015, ya nuna cewa irin waɗannan manyan ƙwayoyi na kewaye baƙon abu suna iya narkar da shafen gishirin kalsiyam da ake yi wa wasu farantai, amma ba sa iya haƙa ƙashi na gaske. Wannan ya taɓa har farantan da kamfanoni ke sayarwa a matsayin madadin ƙashi, waɗanda suke da sauƙin aiki amma ba su da kolajin. Saboda haka hujja ita ce a goge ƙwayoyin daga kan yankin ƙashi, a rina shi da shuɗin toluwidin, a ga ramuka a ƙarƙashin madubin likita, a auna faɗinsu da zurfinsu, ko a auna gutsuttsuran kolajin da ake kira CTX a cikin ruwan da suka sha. Rahoton da ya tsaya a hoton jajayen ƙwayoyi a kan roba, rabin labari ya bayar.

Cutar ƙashi mai tauri ta sake nuna muhimmancin wannan rarrabewa, kuma a nan farantin na iya shafar ran yaro kai tsaye. Kusan rabin jariran da ke da mummunan nau'inta matsalarsu a ƙwayar gado ce mai suna TCIRG1, wadda ke gina wani sashe na famfon asid. Ƙwayoyin cin ƙashinsu suna nan birjik, manya, masu kama rini, amma ba sa haƙa kome. Wasu yaran kuwa ba su da ƙwayoyin kwata-kwata, kuma su ma gida biyu ne. A 2007 aka bayyana waɗanda jikinsu ba ya yin RANKL: idan aka ɗebi jininsu aka zuba masa RANKL a faranti, ƙwayoyin na fitowa su haƙa rami lafiya lau, abin da ke nuna cewa ba ɓargonsu ne mai laifi ba, kuma dashen ɓargo ba zai warkar da ƙashinsu ba. A 2008 aka bayyana waɗanda kunnen jin saƙon ne, wato RANK, ya lalace; su ko an zuba RANKL babu abin da ke fitowa, kuma su dashe na iya yi musu amfani. Dashen ɓargo aiki ne mai haɗari da tsada, don haka gwajin da zai raba wanda zai amfana da wanda za a wahalar a banza ba ƙaramin abu ba ne. Irin waɗannan cututtuka da sai uwa da uba sun haɗu a kan gado ɗaya sun fi bayyana a inda auren zumunci ya yawaita, kuma wannan ya isa dalilin da likitocin yara a ƙasar Hausa za su san da su.

Wani zai ce me ya sa ba za a tsaya ga ɓera ba, tun da akwai ma wani layin ƙwayoyin ɓera mai suna RAW 264.7 da ke hayayyafa ba iyaka kuma ya rikiɗe cikin 'yan kwanaki. Amsar tana cikin tarihin magunguna. Denosumab, allurar da ake yi duk wata shida don tare RANKL, wadda aka amince da ita a Amurka a 2010 bayan gwaji a kan mata 7,868 ya nuna ta rage karayar ƙashin baya da kashi 68 cikin 100 da ta ƙugu da kashi 40, ba ta kama RANKL na ɓera ko kaɗan. Sai da aka koma ga birai da ɓerayen da aka sauya wa gado. Haka magungunan da aka ƙera don tare katefsin K na mutum, ƙarfinsu kan ragu ƙwarai a kan na ɓera. Wanda ya dogara da ɓera kaɗai zai iya jefar da magani mai kyau, ko ya rungumi wanda ba zai yi wa mutum kome ba.

Sai dai farantin ɗan Adam ma yana da iyaka, kuma iyakar tasa ta fi yadda masu ɗokin sakamako ke so su amsa. Tun 1986 Tim Arnett da David Dempster suka nuna cewa ɗan ƙarin tsami a ruwan raino yana tayar da ƙwayoyin cin ƙashi, har ya zama waɗanda suke kwance a pH 7.4 suna haƙa da ƙarfi idan ya sauko wajen 7.0. Ma'anar wannan ita ce maganin da ake gwadawa, idan shi kansa mai tsami ne ko mai kanwa-kanwa, zai iya sauya sakamako ba tare da ya taɓa ƙwayar ba. Iskar oksijin ma haka: a ɗaki kashi 21 ce cikin 100, a cikin ɓargo kuwa ba ta kai rabin haka ba, kuma ƙarancinta na ƙara yawan ƙwayoyin da ke fitowa. Ruwan jinin ɗan tayin saniya yakan bambanta daga wannan kwalba zuwa waccan. RANKL ɗin da ake zubawa kuma babu OPG mai taka masa birki kamar yadda yake a jiki. Mafi girma duka, a farantin babu ƙwayoyin da ke binne a cikin ƙashi, ostiyosayit, waɗanda su ne fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin ƙashi, su ke jin nauyi da motsi, kuma bincike biyu na 2011 sun nuna a jikin ɓera cewa su ne babbar mafitar RANKL a ƙashin da ya girma.

Misalai biyu sun isa su nuna abin da faranti ba ya gani. Odanakatib, mai tare katefsin K, ya yi kyau a ɗakin gwaji, ya kuma rage karaya a gwajin da ya haɗa mata fiye da 16,000, amma kamfanin Merck ya yi watsi da shi a 2016 kafin ya shiga kasuwa, saboda ya ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Denosumab kuma, idan aka daina shi ba tare da an maye gurbinsa da wani magani ba, cin ƙashi na dawowa da ƙarfin da ya wuce na da, har wasu su samu karaya da yawa a ƙashin baya. A 2021 masu bincike a Sidni ta Ostireliya, da suka leƙa cikin ƙashin ɓera mai rai, suka ga ƙwayoyin cin ƙashi na tsagewa su koma ƙanana, su jira, su sake haɗewa, maimakon su mutu cikin makonni kamar yadda aka daɗe ana koyarwa. Suna ganin taruwar waɗannan ƙananan masu jira na iya zama sanadin dawowar cin ƙashi bayan daina denosumab, kuma tsohuwar fahimtar ta samo ƙarfinta ne daga abin da ake gani a faranti.

Akwai kuma abin da masu gwaji suka daɗe suna ɗauka a matsayin damuwa, wanda ni nake ganin shi ne mafi darajar abin da wannan hanya ke bayarwa, wato bambancin masu ba da jini. A raini ƙwayoyin mutum biyu a rana ɗaya, da ruwa ɗaya, a kan yankan ƙashi ɗaya, na wannan su cinye wuri mai faɗi, na wancan su ɗan taɓa. Rukunin Kent Søe da Jean-Marie Delaissé a Denmak ya nuna cewa ƙwayoyin mutum na haƙa iri biyu, zagayayyen rami inda ƙwayar ke tsayawa ta tashi, da doguwar kwata inda take tafiya tana ci, wadda ta fi ɓarna, kuma rabon iri biyun na bambanta tsakanin mutane. Sun kuma ga cewa ƙwayoyin da aka raina daga jinin matan da suka fi shekaru sun fi zafin ci. Ke nan ƙwayar na fitowa daga jiki ɗauke da wani abu na tarihin mai ita. Idan kuwa haka ne, jinin wa aka raina ya zama tambaya ta gaske, kuma mafi yawan abin da ke cikin littattafai daga jinin mutanen Turai da Amurka da gabashin Asiya aka samo shi.

Tambayoyinmu kuwa ba irin nasu ba ne duka. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a shekara, kuma duk wanda ya yi jinyar mai amosanin jini ya san yadda take cin ƙashi: ciwon gaɓoɓi, mutuwar kan ƙashin cinya, ruɓewar ƙashi da ƙwayoyin cuta, da rashin ƙwari tun ana saurayi. Ƙarancin oksijin da tsami da kumburi, abubuwa ukun da aka san suna tayar da ƙwayar cin ƙashi, duk suna haɗuwa a ɓargon mai sikila idan ciwon ya tashi, kuma a ɓeraye masu cutar an ga aikin ƙwayar ya ƙaru. Kwatanta monosayit na mai SS da na mai AS da na mai AA, a lokacin lafiya da lokacin tashin ciwo, aiki ne da masu jinya a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina suke da mutanensa a gabansu kullum.

Sai batun kalsiyam da shayarwa. Binciken Tom Thacher da abokan aikinsa a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa a can, waɗanda ke samun wajen miligiram 200 na kalsiyam a rana, sun fi warkewa da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai, saɓanin abin da aka saba gani a ƙasashen sanyi. Mai shayarwa kuma takan rasa kashi 3 zuwa 10 cikin 100 na ma'adinin ƙashin bayanta a watanni shida na farko, domin daga nan ake ɗibar wani sashe na kalsiyam ɗin nono, galibi kuma ya dawo bayan yaye. A garin Keneba na Gambiya, rukunin Ann Prentice ya ba mata masu juna biyu ƙarin kalsiyam, sai aka tarar a sakamakon 2010 cewa ƙashin ƙugunsu ya fi na waɗanda ba a ba ba rauni a lokacin shayarwa, abin da ba wanda ya zata. Wannan ba dalilin ƙin abin da likita ya rubuta wa mai ciki ba ne, domin ana ba da kalsiyam ne kuma don kare ta daga hawan jinin ciki. Dalili ne na gane cewa jikin da ya saba da ƙarancin kalsiyam yana da nasa tsarin. Matar Daura ko Mashi da ta shayar da 'ya'ya bakwai, kowanne kusan shekara biyu, a kan tuwo da miyar kuka da fura da nono, ba ita ce matar da aka gina ma'aunin Turai a kanta ba.

Ɗalibanmu na kimiyyar sinadaran jiki da haɗa magunguna, a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma da sauransu, suna da sha'awar gwada saiwoyi da sassaƙe, kuma wannan faranti wuri ne da ya dace a gwada abin da masu ɗori ke shafawa ko ba da shi a sha. Amma a nan tarko ya fi ko'ina yawa. Jiƙon da ya kashe duk abin da ke cikin gurbi zai hana rami, kuma guba ce ba magani ba. Dole a nuna cewa a ma'aunin da ramuka suka ragu ƙwayoyin na raye, cewa tsamin ruwan bai sauya ba, cewa an gwada a jinin mutane da dama ba na mutum ɗaya da aka raba gurbi goma ba, kuma an ajiye wani sanannen magani irin su alendironet a gefe don kwatance.

Ko za a iya yin aikin a Katsina, amsata ita ce za a iya, amma sai an kalli wahalhalunsa da idon basira. Akwatin ɗumi na yau da kullum ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa, kuma a bazara, lokacin da zafin garin ke haura digiri 40, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska zai dafa ƙwayoyin. Raino na mako uku ba ya jure yankewar wuta ta dare ɗaya, saboda haka hasken rana da batura su ne farkon abin saye, kafin madubi mai tsada. Idan tukunyar kabon-dayoksayid ta ƙare a ranar Juma'a da yamma, tsamin ruwan zai gudu, aikin ya lalace ba tare da an ga alama a ido ba sai ɗan sauyin launi. Ƙurar hunturu na ɗauke da irin funfuna, don haka akwatin aiki mai tace iska wajibi ne, wanda kuma shi ke kare ma'aikaci daga ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau da ke iya kasancewa a jinin. M-CSF da RANKL daga waje ake sayo su da dala, a busasshen gari na 'yan maikurogiram, kuma bayan an narkar da su sai a rarraba a daskare. Abin da ke hannunmu cikin sauƙi shi ne ƙashin sa, domin ƙashin ƙwauri daga mahauta ya wadatar, in dai akwai zarto mai bakin lu'ulu'u da zai yanka shi siriri da santsi.

Jini kuwa ba a ɗibarsa sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar mai shi, bayan an yi masa bayani da Hausar da yake ji: nawa za a ɗiba, me za a yi da shi, za a aika wani sashe waje ko a'a, yaushe za a zubar da saura. A yankin da ya ga abin da gwajin maganin sanƙarau na 1996 a Kano ya jawo, da ƙauracewa rigakafin shan-inna da ta biyo baya a 2003, babu mai binciken da ya isa ya ɗauki wannan mataki a matsayin cike takarda. Mai sikila da jininsa ya riga ya yi ƙasa kuma, abin da za a ɗiba daga gare shi sai likitansa ya ƙayyade.

Aikin farko da ya kamata a yi ba gwajin magani ba ne. A fara da lafiyayyun mutane, maza da mata, matasa da dattawa, mata kafin ɗaukewar al'ada da bayanta, masu shayarwa da waɗanda suka yaye, a raini ƙwayoyinsu da kwalbar ruwa ɗaya da yankan ƙashi iri ɗaya, wanda zai ƙirga ramukan kuma kada ya san na wane ne yake dubawa. A haɗa da awon kalsiyam da bitamin D da CTX na jininsu, da rukunin jininsu na sikila, da ko suna ɗauke da zazzaɓin cizon sauro a ranar, tun da shi ma yana motsa monosayit. Sai an san iyakar bambancin da ke tsakanin masu lafiya a nan ne za a iya duban farantin majinyaci a ce ƙwayoyinsa sun wuce ƙima ko sun gaza.